Mai Dashe da Irin da Ba Ya Jiran Kasafi

Kafin ma'aikata su fara isowa ofis, Mai Dashe ya riga ya buɗe ƙofar gandun renon itatuwa na gwamnati da ke bayan ma'aikatar. Yakan jingine kekensa jikin tankin ruwa, ya naɗe ƙafar wando, ya rataye ɗan rediyonsa a ƙusa, sannan ya bi layin ledojin ƙasa yana leƙa su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsiro ya yi masa barka da zuwa. Wanda ya langaɓe ya tona gindinsa da yatsa, ya ga ko ruwa ne ya yi masa yawa. Shekara da shekaru ke nan yana wannan aiki, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Duk mangwaro ko darbejiyar da kuka taɓa fakewa a inuwarta a makarantu da asibitocin garin nan, da wuya ba daga hannunsa ta fito ba.

Sai dai aikin nasa yana da wani ƙulli da masu shan inuwa ba su sani ba. Iri yana da lokacinsa, in ya wuce ya wuce ke nan sai baɗi. Ita kuwa gwamnati ba ta bayyana kasafin kuɗinta sai lokacin shuka ya yi nisa. In ya shuka, gwamnati kuma ta dakatar da kashe kuɗi don rage giɓin kasafi, tankar da ke kawo ruwa za ta rasa mai, tsiro ya bushe a gabansa. In ya ƙi shukawa, kuɗi kuma suka fito, motoci za su zo ɗaukar dashe su tarar da fili, gandun da babu komai cikinsa kuwa shi ake fara rufewa. Gaba kura, baya sayaki. Ga mutumin da ko hadari ba ya son a tambaye shi zai zubar ko ba zai zubar ba, amma kowace shekara sai ya yi hasashen abin da masana ke ka-ce-na-ce a kai.

Kuma kada ku ɗauka wani sirri ya sani. Bai san komai ba, shi ma bai taɓa ɓoye hakan ba. Rediyo zai kawo wani masani ya rantse cewa giɓin ya yi faɗi, dole a tsuke bakin aljihu. Kafin Mai Dashe ya gama cika buta an kawo wani, ya ce ba gwamnatin da za ta yi wannan ganganci mutane na kukan tsadar rayuwa. Direban tanka ya iso da nasa labarin.

"Baba, an rage mana mai. Alama ce, za a rufe."

Mai shayin ofis ta leƙo ta katanga ta ce, "Kada ka biye masa, Baba. Jiya aka shigo da sababbin kujeru. Wanda zai rufe aljihu yana sayen kujera?"

Haka zai koma gida kansa a ɗaure. Wata rana matarsa, ganin ya tasa abinci gaba ya kasa ci, ta ce, "Malam, wai giɓin nan da ke hana ka sakat, a ina yake ne?"

"Da na san inda yake ai da na kai baro na zuba masa ƙasa," in ji shi. "Kowa ya ce ya gan shi, amma kowa da inda yake nunawa."

Sau ɗaya tak ya taɓa amincewa da hasashe. Shekarar ce bakin kowa ya zo ɗaya: rediyo, direba, mai shayi, har maigadi, duk sun ce rufe bakin aljihu ba makawa. Ya ji tausayin irin, ya ce ba zai tsirar da abu don ya kalli mutuwarsa ba. Ya ɗaure buhunan irin ya ajiye. Ashe gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Ba a dakatar da komai ba, sai ma kuɗin dashe da aka ƙara. Motocin makarantu suka yi layi a ƙofar gandu, shi kuma yana tsaye tsakiyar ledoji babu ko ganye ɗaya. Direba ya ce bai taɓa ganin Baba ya rasa inda zai sa idonsa ba sai ranar. Da ƙyar da jiɓin goshi gandun ya tsira daga rufewa. Tun daga nan kan mage ya waye, kowa ya zo da hasashe zai saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya koma ya ci gaba da cika ledojinsa.

Ba a daɗe ba kuwa abin ya juya. Shekarar da kowa ya ce lafiya lau, ita ce aka wayi gari an dakatar da kashe kuɗi. Tanka ta tsaya, ruwan tanki ya fara ja baya, ga tsiro ya kai tsawon hannu. Abin da ya yi har yau ana labarinsa a ma'aikatar. Ya loda dashen a baro, ya tsaya bakin ƙofa lokacin tashi daga aiki, duk wanda ya fito ya miƙa masa biyu ko uku.

"Riƙo na ba ki, 'yata, ba kyauta ba," ya ce wa wata akawu da ta tsaya tana kallonsa. "Ruwan ɗaurayar kwanuka ya ishe shi. In gari ya yi daɗi ki dawo mini da abina."

"Baba, in ya mutu a hannuna fa?"

"A nan ma mutuwar zai yi. Gara ya mutu ana ƙoƙari."

Masinja ya ɗauka, mai shara ta ɗauka, Darakta ma an sa masa a bayan mota. Ranakun hutu Mai Dashe ya riƙa bin gidaje yana duba 'ya'yan riƙonsa, yana faɗa da waɗanda suka ajiye su a rana. Wasu sun mutu, wasu awaki sun cinye, wasu kuma masu riƙon suka ƙi mayarwa don sabo. Amma da aka saki kuɗi, mafi yawansu sun dawo gida da ransu.

Kai ne, Mai Dashe, wanda rashin sani bai taɓa hana shi aiki ba. Kai ne uban marayun itatuwa. Mu da muke da ofis da fanka, in aka ce ana jiran kasafi sai mu naɗe hannu, mu mai da jira sana'a. Kai ma ka ruɗe kamar yadda muka ruɗe, ka ji tsoro kamar yadda muka ji, amma da buta a hannunka ka yi naka ruɗanin.

Bana ce shekararsa ta ƙarshe, kuma ita ce ta fi kowace ɗaure masa kai. Lokacin shuka ya zo daidai da watan ritayarsa. Jita-jitar dakatarwa ta fi ta kullum ƙarfi, an ce ma in ta tabbata ba za a ɗauki sabon ma'aikaci ko ɗaya ba, wato babu mai gadon gandun. Riƙo kuma ba zai yiwu ba, domin tsiron da bai yi ƙwari ba in aka motsa shi mutuwa yake yi. Karo na farko a rayuwarsa ya hau bene ya shiga ofishin Darakta, hularsa a hannu.

"Ranka ya daɗe, in shuka ko kada in shuka?"

Darakta ya cire tabarau ya murza ido. "Baba, wallahi da na sani da na gaya maka. Da safe a ce mana mu shirya, da yamma a ce mu dakata. Ni ma saurare nake yi kamar kai."

A gida matarsa ta ce ya haƙura, ya yi nasa, wanda ya zo ya yi nasa. Ya ce da gaskiyarta. Ya kwana biyu yana cewa da gaskiyarta, yana kewaya buhunan iri, ya kwance ya sake ɗaurewa. Direba ya same shi zaune kan bulo yana magana shi kaɗai.

"In na shuka, wa na bar wa? In ban shuka ba, me na bar?"

Washegari ya shuka. Bai rage ko leda ɗaya ba, har ya ƙara sabon layi a jikin katanga.

Ranar sallama an taru an yi jawabai, an ba shi agogon bango. Da aka watse ya ciro makullin gandu ya ajiye a teburin Darakta. Darakta ya dubi makullin ya dube shi.

"Baba, wa zan ba?"

 Makullin gwamnati ne, mai ritaya ba ya tafiya da shi. Mai Dashe ya ɗauka ya sauka, ya buɗe kwaɗon gandun, ya bar ƙofar a sake, sannan ya dawo ya miƙa makullin ya tafi. Mai shayi ta ce har ya fita daga harabar bai waiwaya ba, kuma ita ta san ba don taurin zuciya ba ne.

Mun gode, Baba. Mun gode da inuwar da muka sha ba mu tambayi mai ita ba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa inuwar ta tarye ka gobe kiyama.

Ku kuma jama'a, har zuwa yau da nake wannan rubutu ba a sanar da komai ba. Masana na nan suna musu, ni ma ban san wanda zan gaskata ba. Amma jiya na bi ta gandun na leƙa. Irin ya fara fasa ƙasa, layi bayan layi, har da na jikin katanga. Duk wanda hanyarsa ta biyo ta nan, ya ɗan tsaya ya shiga, kada ya jira sanarwa. Akwai sauran ruwa a tanki, butar ma tana nan inda ya ajiye ta. Hannu ne babu.