Waya Ba Ta Iya Lugude

Har yanzu idan Kawu ya shigo gidanmu, gaishe shi kawai nake yi in tashi in bar masa wurin. Mama ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce ƙaninta ne, kuma ba da mugun nufi ya yi ba. Ni ban ce da mugun nufi ya yi ba. Cewa na yi ya yi.

A daminar bara 'yan bindiga suka tare mu, ni da yayana, muna dawowa daga gona a kan babur ta hanyar da ke fita Bakori. Rana tsaka ce. Na ji harbi, babur ya kife, Yaya ya ce in faɗa masara, na faɗa. Na kwanta tsakanin kunyoyi, bakina cike da laka, ina jin ana daka masa tsawa. Suka tafi da shi. Yadda aka yi ya dawo ba zan rubuta ba, hannuna ba ya yarda.

Ya dawo ba ya magana. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru. Masu jaje suka yi ta zuwa, daga coci, daga maƙwabta, har limamin unguwar gabas ya zo da mutanensa, shi kuwa yana zaune yana kallon ƙafarsa. Abu ɗaya ya rage da yake taɓawa: na'urar gem ɗinsa, baƙa mai ƙaton ciki, irin wadda samari ke kira mai lamba uku. Da batirin solar da yake cajin wayoyin mutane yake kunna ta. Ƙwallo kawai yake bugawa a ciki, kuma tun da can ya goge sunayen 'yan wasan wata ƙungiya ya sa na samarin ƙauyenmu. Mai shayinmu, wanda ko kaza ba ya iya kamawa, shi ne mai tsaron gida.

Wata rana ya miƙo mini hannun gem na biyu ba tare da ya kalle ni ba. Na karɓa. Ban iya komai ba, ɗan wasana sai gudu yake yana fita waje da ƙwallo. Sai na ji ya ce, "Ke, fasin ake yi, ba gudun fanfalaƙi ba." Maganarsa ta farko ke nan. Mama tana tsakar gida ta saki ludayi. Daga ranar, in mun yi wasa sai ya ci tuwo. Ni ma, in faɗi gaskiya, lokacin ne kawai kunnena ke daina sauraron bakin hanya.

Kawu bai ga haka ba. Shi abin da ya gani, ƙato da gemu yana zaune da wasan yara, ga masara ta isa karya, ga baƙi na shigowa suna gani. "Yaya, wannan abin ne ke riƙe shi a ɗaki," ya ce wa Mama, yayarsa. Ranar da muka kai Yaya asibitin Malumfashi a duba masa ƙafa, Kawu ya naɗe gem ɗin a buhun taki ya tafi Funtua. Ya dawo da waya sabuwa, faffaɗa kamar faranti, yana murmushi.

"Musanya na yi. Da wannan zai ji farashin masara, ya kira mutane. Kuma mai shagon ya ce yanzu duk gem ɗin duniya waya yake shiga, kamar yadda ake tura fim."

Yaya ya kalli wurin da gem ɗin yake a da, inda ƙura ta bar shaidarsa a kan tebur. Ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Tuwon dare da na safe haka na ɗauke su, ko taɓawa bai yi ba.

Tun ranar harbin ban sake hawa titi ba sai zuwa asibitin nan, shi ma idona a rufe. Amma da na ga kwanukan suna dawowa a cike, na ɗauki wayar na shiga bas ɗin Funtua. Duk inda direba ya taka birki sai in damƙi duk abin da hannuna ya samu. Matar da ke kusa da ni ta ce, "'Yata, sakar mini cinya, ba ni ce direban ba."

Shagon yana cikin layin masu tura fina-finai da waƙoƙi kusa da tasha, kowa ya ƙure lasifikarsa. Mai shagon yana shan rake, yana tofar da ɓawon a kwali. Na ajiye wayar na ce ya sa mini ƙwallon mai lamba uku.

"Mai lamba uku? A waya?" Ya yi dariya ya leƙa shagon maƙwabcinsa. "Zo ka ji Hajiya da babban buri."

"Malam, kai ka ce wa kawuna duk gem yana shiga waya."

"Na ce duk gem. Ban ce wannan ba."

"To wannan ɗin doya ce?"

Ya daina dariya, ya goge hannu a wando. Ya ce in tsaya in ji, tunda na yi makaranta. Ita waya ba ta jin yaren da aka rubuta gem ɗin da shi. Akwai wata manhaja da ake sa mata, mai kwaikwayon na'urar, tana yi mata tafinta: gem ya ba da umarni, manhaja ta juya shi zuwa yaren waya, sannan waya ta aikata. Tsofaffin na'urori, in ji shi, maganarsu kaɗan ce kuma a hankali, tafinta yana iya bin su har ya sha ruwa. Mai lamba biyu ma waya mai ƙarfi tana ja. Amma mai lamba uku wata halitta ce daban. A cikinta akwai ƙwaƙwalwa babba guda, da wasu ƙanana da yawa waɗanda ba irinta ba, kowace da aikinta, wannan na lissafin inda ƙwallo za ta faɗa, waccan na haɗa sauti, suna miƙa wa juna aiki daidai kan lokaci. Dole waya ta zama su duka a lokaci guda. In ɗaya ta makara ko da ƙiftawar ido, sauran su tsaya jiranta. Kuma waɗanda suka ƙera ta ba su bayyana wa kowa duk yadda cikinta yake ba, masu manhajar lalube suke yi.

"Babbar kwamfuta ma sai ta yi gumi," ya ce, "balle wannan farantin."

Na gane, kuma haushin da na ji ke nan, don da ban gane ba da na ce ƙarya yake. Lugude na tuna. Mu uku a turmi ɗaya, ni da Mama da matar maƙwabcinmu, kowa da taɓaryarta, ba wanda ke ƙirga mana, amma tawa na tashi ta Mama na sauka. A ce wa mace ɗaya ta riƙe taɓaren nan duka ta fitar da wannan kiɗan. Ko ta fi kowa ƙarfi a garin, sai sun karo, sai tsaba ta watse.

"Ka san duk wannan, ka bar tsoho ya tafi da waya?"

"Bai tambaya ba, ƙanwata."

Na ce ya sa mini ko yaya ne. Ya ce zai tashi amma zai riƙa sarƙewa. Na yini a kan benci ina jira, wayar ta yi zafi kamar an ciro ta daga toka. Da la'asar ya nuna mini fili kore da 'yan wasa suna tafiya kamar masu ciwon baya. Na ce ya isa, ko wannan ne. A cikin hayaniyar lasifikokin nan ba wanda ya ji sautin wayar. Shi bai ƙara murya ya gwada ba, kuma bai ce mini komai a kan sauti ba. Wannan ba zan yafe masa ba.

Washegari da hantsi na ƙwanƙwasa wa Yaya. Ya buɗe. Na zauna kusa da shi a bakin gado, na kunna, na ƙure murya don ya ji ihun 'yan kallo yadda ya saba. Ya karɓa. Har na ga babban yatsansa ya fara neman wurin dannawa a kan gilashin. Ɗan wasa ya ɗaga ƙafa ya buga ƙwallo, hoton ya daskare, sautin bugun ya maƙale a wurin yana maimaita kansa.

Ta-ta-ta-ta-ta-ta.

Ban san lokacin da na sauka ba. Na tsinci kaina a bayan buhunan masara, fuskata a ƙasa, ina jin ɗanɗanon laka a bakina alhali siminti ne. Wayar tana kan gado tana ta yi. Yaya ba ya ɗakin. Ya keta dangar baya, kara ya yanke masa hannu. A gindin rumbun maƙwabta Mama ta same shi, ya dunƙule, ya toshe kunnuwa, yana cewa, "Ta shiga masarar? Ta shiga?"

Kawu ya zo da rana aka faɗa masa. Ya juya wayar a hannu ya ce, "Ikon Allah. Ƙarar waya ce fa kawai." A gaban Mama na ce masa ya fita. Ban taɓa yi wa babba haka ba, kuma ban janye ba.

Na sake shiga bas. Wannan karon ban gaishe da mai shagon ba, na ce ina gem ɗin yayana. Ya ce ai tuni wani mai rumfar gem a kasuwar Bakori ya ɗauka. Na bi shi can. Mutumin ya saurare ni da kyau, har ya ce Allah ya kyauta, amma ya ce da na'urar yake ciyar da gidansa, ba ya mayarwa. Wanda ke son wasa, rumfa a buɗe take.

Ta bakin ƙofa na faɗa wa Yaya, don bai buɗe ba. Na ce na gan ta da idona, har tabon da kyandir ya yi mata a gefe yana nan.

Ranar kasuwa ina shara sai na ga ƙafafu da takalmi a gabana. Yaya ne. Ya ce, "Ba babur ba." Na ce ba babur ba. Muka zauna a bayan bas, da muka zo daidai wurin da aka tare mu ya damƙe wuyan hannuna, ni ma na damƙe nasa, ba wanda ya kalli taga.

Rumfar cike take da samari. Muka jira layi kamar kowa. Da ya karɓi hannun gem ya shiga jerin ƙungiyoyi, sai ga tasa, ba wanda ya goge ta. Wani daga baya ya ce, "Kai, kar ka ɗauki waɗannan, golansu rariya ne." Yaya ya ce, "Na sani. Shayi yake sayarwa." Ya miƙo mini hannu na biyu. Ya ci ni har na daina ƙirgawa, sannan ya sayi ƙosai a bakin tasha ya cinye a tsaye.

Yanzu duk ranar kasuwa sai mun bi hanyar nan. Shi ya fara kallon taga. Ni ban fara ba, kuma daren da ke kafin kasuwa ba na iya cin abinci. Gem ɗin da a da yake kan teburinmu, a ɗakinmu, inda ba sai na wuce wurin da na kwanta a laka ba, yanzu sai na wuce ta nan zuwa da dawowa kafin yayana ya taɓa shi.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga coci, na ji Kawu a gindin mangwaro yana ce wa dattawa, "Ai kun gani. Da ban fitar da abin nan daga gidan ba, da har yanzu yana ɗaki." Suna ta gyaɗa kai. Wayar tana aljihun gaban rigarsa, shi ke amfani da ita yanzu. Na bi ta bayan mangwaron na wuce gida.