Rautan da ya ƙi tashi a makon jegona

Shekarar da taki ya gagari kowa a garinmu, gero ya yi tsadar da ko tsofaffi ba su taɓa ganin irinta ba, ita ce shekarar da maigidana ya tafi Libiya aikin gona. Ya bar ni da cikin fari. Ya kuma bar mini wani ɗan farin akwati mai ƙaho biyu, wai shi rauta. Garinmu a kwari yake, waya ba ta kama sabis sai an fita bakin titin Ɗambatta. Shi ya sa kafin ya tafi ya ɗaure doguwar gora a jikin rumbu, ya maƙala eriya a samanta, ya jawo kebur zuwa ɗakina, ya haɗa akwatin da batirin sola. Ya ce in dai fitilun nan uku sun yi kore, zai same ni. Shi can ba shi da layi, sai ranar da mai gonar ya shigo da su gari yake samun inda zai kira.

Surukata, wadda nake kira Inna, bunsuru take ce wa akwatin saboda ƙahonnin. In ta ji ina dariya ni kaɗai a ɗaki sai ta ce, "Bunsurun naki ya yi kuka ke nan."

Tun kafin ya tafi ya ce ko namiji ko mace, shi zai faɗi suna a kunnen jaririn da bakinsa. Na ce ya faɗa mini in riƙe. Ya ce a'a.

Ranar Juma'a na haihu, cikin marka, sama a rufe. Batiri bai sha rana ba, ga 'yan barka kowa ta shigo sai ta sa wayarta a caji. Wuta ta ɗauke. Washegari rana ta fito, batiri ya dawo, amma rautan bai dawo ba. Ina kwance ina kallonsa. Fitilar farko za ta kama ja, sauran biyun su yi ƙyaf tare, sai duk su mutu. Ya ɗan yi shiru, ya sake. Kamar mai barcin da yake yunƙurin tashi, barcin yana mayar da shi. Haka ya wuni.

Ƙanwar maigidana tana karatu a Bici, ta zo gida saboda suna. Ita na nuna wa.

"Matar Yaya, me kika yi masa?"

"Ni da ko tsugunno ba na iyawa, me zan yi masa?"

Ta cire wuta ta mayar. Ta ciro sim ta goge da bakin mayafinta. Ta aro caja a maƙwabta. Sannan ta karyo tsinken tsintsiya ta soka a wata 'yar huda da ke bayansa, ta danne tana motsa baki. Da ta saki, jar fitilar ta kama, biyun suka yi ƙyaf, suka mutu.

Inna tana bakin ƙofa da kwanon kunun kanwa. Ta ce, "Ku bar bunsuru ya huta. Ke kuma tashi, ruwan wanka yana hucewa."

Na shiga wankan, ruwa yana ƙona ni, amma ba shi nake ji ba. Wan maigidana ya riga ya yi wa yaron kiran salla a kunne, ya ajiye suna saboda alkawarin ƙaninsa. Amma ya aiko Inna ta faɗa mini cewa in har aka kai jajibirin suna ba a ji daga can ba, shi zai zaɓa, don ba za a tara liman da jama'a a ce musu ana jiran akwati ba. Ban ga laifinsa ba. Sai dai na san in aka yi haka, maigidana ba zai ce komai ba, kuma ba zai manta ba. Mutum ne da bai ga cikin ya tsufa ba, bai sayi ko zanen goyo da hannunsa ba. Abu ɗaya ya roƙa.

Ƙanwar tasa ta ɗauki wayata ta fita bakin titi, ta tura masa hoton yaro. Ran Litinin ta sake fita, ta dawo da sauri, ta miƙo mini wayar. Ya kira da hantsi, ba a samu ba. Ya bar murya. Na sa a kunne, ga iska tana kaɗawa a bayansa: ya ga hoto, ya gode wa Allah, me ya sami rautan? Ran Alhamis da hantsi za a sake shigo da su gari. A sa masa wayar a kunnen yaro. Sunan kuwa ba zai faɗe shi a saƙo ya bar wa iska ba.

Na ce to a ran Alhamis ɗin sai in saɓa yaro mu fita bakin titi. Inna ta ajiye abin da ke hannunta.

"Mai jego a bakin titi? Da ɗanyen jiki, da jaririn da ko cibiya ba ta faɗi ba? Ba a gidan nan ba."

Ran Talata ƙanwar maigidana ta naɗe akwatin a ɗankwali ta hau mota zuwa Ɗambatta wurin mai gyaran waya. Da ta dawo na ga fuskarta tun daga zaure.

Ta ce mai gyara ya ce akwai wani karatu a cikin kansa, wai famwaya, da shi yake tashi. Lokaci-lokaci yakan jawo sabo ya goge tsoho. To yana tsakiyar haka wuta ta ɗauke. Tsohon ya tafi, sabon bai gama shiga ba.

Na ce, "To a sake zuba masa mana."

"Ya gwada, matar Yaya. Ya haɗa shi da kwamfuta, ya danne hudar nan, ya tura masa na wani mai kama da shi, ya ƙi karɓa. Sai nasa sak. Lambar kuma da za a gane nasan tana jikin takardar ƙasansa, zafi ya cinye ta. Ina kwalinsa?"

Kwalin yana bayan gado. Na sa ta jawo. Gara ta riga mu.

Mai gyaran ya ce zai tambaya a Kano, a ba shi mako.

Ban san dalili ba, na ce ta mayar da shi wuta. Laraba duka ina shayarwa ina kallon ja, ƙyaf, shiru. Wani lokacin sai in ga kamar jar ta ɗan jima fiye da ɗazu, sai kuma ta mutu. Nonona ma ya ja baya, yaron ya yi ta tsala kuka. Inna ta shigo ta dube ni, ta dubi akwatin, ba ta yi masa ba'a ba ranar.

Alhamis da safe, bayan na fito daga wanka, na tarar da ita a ɗakina da hijabinta. Ta naɗe yaron a zane biyu, ta sa masa hula, ta tofa masa addu'a.

"Inna, ina za ki?"

"Ke aka hana fita. Ni wa zai hana?" Ta juya wajen 'yarta. "Ɗauko wayar, ke kuma, kin tsaya kina kallona kamar ba ki san hanya ba. Ta bayan gari za mu bi."

Na ce, "Inna, cibiyar..."

"Na raini shida. Zauna."

Suka fita. Ɗakin ya rage ni da akwati. Ban taɓa rabuwa da yaron ba sai ranar, rigata ta jiƙe da nono. Na ji ana daka a maƙwabta, na ji an daina. Inuwar rumbu ta janye daga ƙofata. Na yi ta lissafin abin da zai iya faruwa: iska ta shige shi, ko a ƙi kawo su maigidana gari, ko ya kira, Inna ta danna inda ba shi ba.

Sai da rana ta kusa tsaka suka dawo. Yaron yana barci. Inna ta miƙo mini shi, ta zauna a bakin gado tana haki.

"Ya kira. Ya faɗa masa. Na aika wa wansa."

Ban tambayi sunan ba. Ɗan fari ne, ko na ji ba bakina zai faɗa ba. Na ce, "Yana lafiya?"

"Ya rame."

"Kin gan shi ne, Inna?"

"Hoto bai fito ba. Murya na ji. Ni na haife shi."

Kunya ta riƙe ni. Na jira ta fita, sannan na kama hannun ƙanwarsa.

"Ya tambaye ni?"

Ta dubi ƙasa. Ta ce ya fara cewa ina maman yaro, layi ya yanke. Sun jira, bai sake shigowa ba.

Washegari aka raɗa suna, na ji shi daga bakin maroƙi a ƙofar gida kamar kowa. Lambar nan ba a samo ta a Kano ba. Har na gama arba'in akwatin yana nan a kan kwalla, ban bari an cire shi daga wuta ba.