Matakalar Barmo

Barmo kafinta ne a Maraɗi kafin fataucin wandunan jins ya kai shi Guangzhou. Ya kama ɗan shago a kasuwar Canaan, rufinsa can sama, amma faɗi babu. Siriri ne, ba ya yawan magana, sai dai in ka ga yana murmushi shi kaɗai, to akwai wanda zai ji jiki.

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Sin, biza ta yi wuya, masu saye suka ragu. Da zama ya ishe shi, sai ya kafa ɗan bene na katako a saman shagon, inda zai riƙa kishingiɗa bayan azahar. Matakala ce ta zama aiki, don tsakanin dilolin kaya da bango taku biyu ne kacal. Mai ginin, wani tsoho ɗan Sin, ya leƙa ya girgiza kai, ya ce, "Meyo," wato ba wuri.

Barmo ya raba kowane mataki biyu, na ƙafar dama daban, na hagu daban, matakalar ta miƙe tsaye kamar tsani. Ya kuma rage faɗinta da gangan saboda Alhaji Maidaji, wani Bakano mai tumbi da kullum ke baje kan dilolinsa yana minshari.

Ranar da aka gama, Maidaji ya zo ya ƙare mata kallo.

"Barmo, wannan ta kaji ce?"

"Ta ramammu ce, Alhaji. Kar ka wahalar da kanka."

Maidaji ya tuɓe babbar riga, ya tsuke ciki, ya hau a karkace yana nishi har ya kai. Saukowa ce ta gagara. Ya gwada ta gaba, ya gwada ta baya, sai ya koma ya miƙe kan tabarmar Barmo.

"Tunda ka kulle ni, aiko min shinkafa da naman rago," in ji shi.

Sai bayan la'asar Barmo ya haƙura, ya ɓalle makarin gefe da hannunsa, maƙwabta huɗu suka sauko da Alhaji kamar buhun gero.

Mai ginin ya yi dariya har da hawaye. Washegari ya ja Barmo gefe, ya roƙe shi ya yi masa irinta a gida, amma ya ƙara matse ta, don ƙanen matarsa ya fi Alhaji ƙiba. Barmo ya ɗauko ma'auni ya bi shi.