Tsarabar Taubashina

Ni da taubashina mun tashi muna zagin juna, kuma babu wanda ya taɓa raba mu. Ubansa yayan mahaifiyata ne, saboda haka a al'adar ƙauyenmu shi ɗan namiji ne ni 'yar mace, shi ubangida ni baiwa. Haka muka tarar, haka muka ɗauka. In ya hango ni na dawo daga rijiya sai ya ce, "Baiwa, sauke tulun nan ki ba ubangidanki ruwa." Ni kuwa in ce masa ubangidan da ba ya iya nome kunyar gyaɗa ɗaya sai ya nemi inuwa, ai gara a sayar da shi a sayi jaki. In na ga dama in haɗa da kunnuwansa, waɗanda Allah ya yi musu faɗi kamar faifai. Manya su yi ta dariya. Dokar wasan ba ta da yawa. Ba a fushi, kuma duk abin da aka faɗa maka kana da bakin ramawa.

Bayan na yi aure a nan cikin gari, shi ya tafi ci-rani ƙasar Larabawa. Ya daɗe ƙwarai, yana kiwon tumaki a gonar wani mutum. Da ya tashi dawowa, farkon damina ne ana shuka. Mota ta sauke shi a Ɗambatta, ɗan acaba ya ƙaraso da shi. Ya zo da jallabiya da turare mai hawa kai, da 'yan kalmomin Larabci da yake yayyafa wa Hausarsa kamar barkono. Ko akuya zai kora sai ya ce mata "yalla". Na yi murna da dawowarsa, ba zan ɓoye ba, don na daɗe ban sami wanda zan zaga in ji daɗi ba.

Washegari na yi masa dambu na ba 'yata ta kai, ni ina biye da ita. Ita ce 'yata ta fari, lokacin tana ƙaramar sakandare. Baƙa ce wuluk, irin baƙin kakarta ta wajen uba, mai sheƙi ko ba ta shafa mai ba. Ga ta da surutu, ga dariyar da ake jiyowa daga bayan danga. A wajenmu uwa tana jin kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunanta, ba na yabonta a gaban mutane, in ta yi faɗa da wani ba ni ce mai shigar mata ba. Ita ma ba ta ce mini Umma, Yaya take kira na.

Muka tarar da tsakar gidan kawuna cike da 'yan sannu da zuwa. Taubashina yana tsakiya yana ba da labari. Ya ce wahalar aikin ba ta dame shi ba kamar sunan da suke kiransa da shi. Ya ce duk baƙin mutum a can "abid" suke ce masa, wato bayi. Yaran unguwa su bi shi suna faɗa suna jifansa da tsakuwa. Uban gidansa bai taɓa kiran sunansa na yanka ba, kuma kwanon da ya ci abinci a ciki daban ake ajiye shi. Ya ce akwai wani tsoho mai shago da yake ce masa ɗan'uwa, amma shi kaɗai ne. Yana faɗa mata suna ta salati. Ya ce, "Wallahi wasu mutanen can ba sa ƙaunar baƙar fata. Wariya ce tsagwaronta." Da kunnena na ji ya faɗi haka.

Bai fi ya haɗiye yawu ba 'yata ta durƙusa gabansa ta ajiye kwano ta ce, "Kawu, sannu da zuwa." Ya dube ta sama da ƙasa ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Baiwa, wannan ce 'yar taki? Ai ga 'yar abid ta gaskiya. Wannan in ta je can ko kuɗin mota ba za a karɓa a hannunta ba, a bayan mota za a ɗaura ta." Tsakar gida ta ɗauki dariya, matan da suka gama salati yanzu-yanzu har da riƙe ciki. Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce, "Na gode, Kawu," don abin da aka koya mata ke nan. Ni na rama da kunnuwansa, amma ban ji ramuwar ta kai ko'ina ba, don ba ni aka soka ba.

Magana zarar bunu ce. Yaran gidan suka fita da sunan, kafin mako ya zagayo ya kai famfon unguwa, ya kai Islamiyya, ya kai makarantar boko. Sabon suna ne, kuma na Larabci, ga shi daga bakin wanda ya ga duniya, sai ya yi wa yara daɗin faɗa. Shi kuma bai bari ya huce ba. Duk inda ya gamu da ita sai ya ɗaga murya, "'Yar abid, ba a gaida Kawu?" Ta durƙusa ta gaishe shi.

Na yi wa maigidana magana. Ya ce, "Wasanku ne na taubasai, ni ina ruwana? Kuma ki daina kiran abin da wariya. Wariyar launin fata ai sai a rediyo, can inda Turawa suke. Shi da ya faɗa fari ne?" Na je wajen mahaifiyar taubashina na zagaya na zagaya, don ba na iya fitowa fili in ce 'yata. Ta gane sarai. Ta ce, "Ke da kika tashi ana ce miki baiwa, me ya rage ki? Kuma kunyar 'yar fari fa, ko zamani ya cinye ta?" Na dawo gida raina kamar zai fashe. Al'ada biyu suka haɗu suka ɗaure mini baki, ɗaya ta ce kada ki yi fushi da taubashi, ɗaya ta ce kada ki nuna kin damu da 'yar fari.

Cikin daminar nan dariyar yarinya ta ɗauke. Ta daina zuwa famfo sai in rana ta take babu kowa. Ta koma jan hijabi har kan hanci. Da kaka ta kama, wata safiya tana wanke-wanke hijabin ya zame, na ga kumatunta. Sun yi jajur kamar an ɗaye fata, gefen ido ya ƙone, goshi dabbare-dabbare. Na kama hannunta na duba, bayan hannu ya yi haske, gaɓoɓin yatsu sun ƙara baƙi. Ban tambaye ta komai ba. Na shiga ɗaki na ɗaga katifarta, ga kwalbar man bilicin har ta kusa ƙarewa. Kazarta ta sayar, wadda kakarta ta ba ta, wata ƙawarta ta sayo mata man ranar kasuwa. Ta tsaya bakin ƙofa tana kuka ba sauti. Ta ce, "Yaya, kaɗan nake so in rage, don su daina."

Ban san lokacin da na yafa mayafi ba. A gidan kawuna ana tsinkar gyaɗa, mata sun kewaye tarin harawa, shi kuma yana kan kujera yana ɓare ɗanya yana ci. Da ya gan ni ya washe baki. "Baiwa, kin zo aikin ubangidanki?" Na dire kwalbar a gabansa. Na ce, "Ga tukuicin tsarabarka. Abin da 'yata take shafawa ke nan, fuskarta ta ƙone." Na ce 'yata da bakina, a gaban matan gari, har wata ta dafe ƙirji.

Ya ɗauki kwalbar ya juya ta, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "To ni na ce ta shafa? Wasa ne fa. Abid bawa ke nan, abin da nake ce miki tun muna yara."

Na ce, "Ranar da ka dawo, a nan inda kake zaune, me ka kira abin da aka yi maka?"

Ya ce, "Wannan daban. Su farare ne, da gaske suke yi. Ni dube ni, baƙi ne kamar ita. Baƙi zai yi wa baƙi wariya?"

Wannan tambayar ita ce ta fi ƙona mini rai, don ita kowa yake fakewa da ita. Wai tunda mai jifa baƙi ne, dutsen ba ya fasa kai. Na ce masa, "Da yaran can suka bi ka suna faɗa, me ka ce musu?"

Ya ce, "Ai ba a ramawa. Kana ƙasar mutane."

Na ce, "To ita ma ba ta ramawa. Ni in ka ce mini baiwa, kafin ka rufe baki na kai ga kunnuwanka, shi ya sa ya zama wasa. Ita kuwa Kawu take ce maka. Ka zage ta, ta durƙusa ta gode. Ka tsallake ni mai baki ka je ka sami wadda ba ta da shi, kamar yadda suka same ka. Kuma ni ba don launina kake ce mini baiwa ba, don uwata mace ce. Ita fatarta ka duba ka zaɓa mata sunan. Ka san zafinsa fiye da kowa a garin nan, ka ɗauko shi tun daga can ka liƙa wa yarinya. Ka kira shi duk abin da ka ga dama, ni wariya na gani."

Mahaifiyarsa ta ce, "Ke, taubashinki ne fa. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi." Na ce, "Inna, na faɗi." Sai na gyara mayafina na durƙusa a gabansa har ƙasa, yadda 'yata take yi. Na ce, "Yaya, ina kwana. An tashi lafiya? Ya gajiyar aiki?" Tunda aka haife mu ban taɓa gaishe shi ba. Hannuwan mata suka tsaya a kan harawa. Ya ce, "Haba, tashi mana, mene ne haka?" Na ce, "Daga yau haka za mu riƙa yi." Na miƙe na bar masa kwalbar.

An yi ta magana a gari. Wasu suka ce na yi rashin kunya, wasu suka ce wasan taubasai ba ya mutuwa sai an binne ɗaya. Ni dai na kashe nawa. Har yau in mun gamu ina durƙusawa in gaishe shi da ladabi, shi kuma ya rasa inda zai sa idonsa. Sau da yawa ya jefo mini tsokana don in tanka, in ce masa, "Allah ya ƙara girma, Yaya." Ina kewar zaginsa, wannan gaskiya ne, amma ban huce ba. Bai ƙara kiran 'yata da sunan ba, har ya mari wani yaro da ya faɗa a gabansa. Sai dai sunan ya riga ya bar hannunsa, yara ba su san ma daga ina ya fito ba.

Na kai ta asibiti aka hana ta man, aka ce sai haƙuri, fata a hankali take komawa. Kullum da hantsi nakan zaunar da ita in shafa mata man kaɗanya a kumatu da hannuna, kunyar 'yar fari kuwa na ajiye ta gefe. Wata rana ina cikin shafawa ta ce, "Yaya, in tabon ya warke, baƙin zai dawo duka?"

Na ɗauka tsoro take ji kada ya ƙi dawowa. Na yi saurin cewa, "Zai dawo tas, in Allah ya yarda, kamar ba a taɓa shi ba."

Ta ce, "To." Ta ja hijabinta har kan hanci, ta ɗauki bokiti, ta tsaya a zaure tana jiran mutane su watse daga famfo.