Hujin Murfin Tanki

Ranar nan a gidan mai, mai zuba mini fetur ya buɗe murfin tanki, sai na ji wani ɗan huci, kamar mutum ya ja iska ta tsakanin haƙora. Har ya gama zubawa ina tsaye ban motsa ba. Hucin nan ya mayar da ni Illela, shekarun farko bayan samun mulkin kai, lokacin da tutar da ke ofishin kwastan ko koɗewa ba ta fara ba.

Mahaifina yana da tsohuwar a-kori-kura, yana kai albasa da busasshen kifin Kalmalo Konni, ya dawo da kanwa da dabino. Wata shekara bayan girbi, motar ta tsiro da wani hali. Takan tashi lafiya lau, ta yi 'yar tafiya, sai ta fara shessheƙa ta mutu. A murza ƙarfen tayar da inji na gaba har tafin hannu ya yi kanta, ta ƙi. A zauna a inuwa a huta, a sake gwadawa, ta tashi kamar ba ita ba. Ya kai ta wajen bakanike a Sakkwato, aka sauya fulogi, aka wanke kafireta, aka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Don neman magana, a gaban bakanike ba ta taɓa mutuwa ba. Mahaifina dai ya lura ta fi yi idan tanki ya cika, sai ya ɗauka datti ne a cikin man, ya koma tace shi da ƙyalle.

Sai na gaya muku halin kakata, mahaifiyarsa. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana fuska da fuska. Ni ne bakinta. Takan kira ni maigidanta, ta ce ba ta taɓa ganin mijin da ba ya cefane amma ya fi kowa loma ba, sannan ta aike ni da saƙo. Son da take yi masa kuwa a ɓoye take yin sa: ya tarar an ɗinke masa aljihu, ko an ajiye masa fura, babu wanda zai ce shi ya yi. Kuma ba ta ƙaunar ganin abu a buɗe. Tulun man shanu, goran zuma, duk bakinsu a liƙe yake da kakin zuma, har ɗakinta ƙanshinsa yake yi.

Ana cikin haka aka aiko daga wani ƙauye gaba da Konni cewa yayanta yana kwance, jiki ya yi tsanani, ita yake ta nema. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Mahaifina ya cika tanki har baki don kada mai ya yanke mana, aka sa ni a tsakaninsa da kakata a gaba, muka tsallaka iyaka da hantsi.

Muna barin Konni motar ta mutu. Ya murza, ya jira, ta tashi, ba mu yi nisa ba ta sake. Haka muka yi ta yi har rana ta take tsaka. Kakata carbi kawai take ja.

A wata tsayawar, da dabara ta ƙare masa, ya je ya zura kara a tanki ya ga ko man yana zuba ne. Yana murɗe murfin, tankin ya ja iska da ƙara. A hayaniyar tasha wa zai ji wannan? Amma a dajin nan ko tsuntsu ba ya kuka. Ya tsaya. Ya murza ƙarfe sau ɗaya, mota ta tashi. Ya juya murfin a hannunsa, ya ga ɗan hujin da ke tsakiyarsa a cike da wani abu rawaya. Ya kankare da farce, ya kai hanci. Ina kallonsa ya sunkuyar da kai, yana ƙoƙarin ɓoye abin a tafin hannunsa.

Sai na ji muryar kakata, kuma ba da ni take ba.

"Ni nal liƙe shi. Na ji warin mai shina hita, nac ce kar ka yi hasara."

"Ba komi, Inna," in ji shi. "In iska bai shiga ba, mai ba shi tahiya, shi ke nan."

Ta gane nan take, don ta san goran da aka toshe bakinsa ba ya ɗigar da ruwa. Ya tsinko ƙayar aduwa ya huda kakin. Motar ba ta ƙara mutuwa ba.

Mun shiga ƙauyen bayan la'asar, muka yi kiciɓis da maza suna dawowa daga maƙabarta. Aka ce da azahar yayanta ya cika, kuma duk motsin da ya ji sai ya tambaya ko ita ce. A hanyar dawowa mahaifina ya ce mata kwanansa ne ya ƙare. Ta ce ta sani. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a ranar ba.

Yanzu idan motata ta yi gardama, na'ura ake jona mata ta faɗi ciwonta. Ɗana na fari kuwa sunansa nake kira gatsau, ban ga laifin hakan ba, ko da yake wani lokaci nakan ji kunyar tsofaffinmu. Kakata har ta rasu ba ta kira sunan mahaifina ba. Amma daga wannan tafiyar aikina na ɗan aike ya ƙare. Idan ta ga wani abu nasa da take son gyarawa, takan tsaya a bakin zaure da kanta, idonta a ƙasa, ta ce, "Wanga abu, mi amfaninai?" Sai ya ba ta amsa take taɓawa.