Kunya Goma Sha Bakwai

Ban taɓa buga wa ƙungiyar ƙwallon garinmu wasa ba, gara in faɗi wannan tun da wuri kafin wani tsoho ya ƙaryata ni. Sau ɗaya na gwada. Na auna ƙwallo na sami kututture, farcen babban yatsana ya fita, na yi wata guda ina ɗingishi matata tana dariya. Daga nan na koma inda Allah ya ajiye ni, wato cikin 'yan kallo, gindin ɗorawar da ke gabashin fili. Sana'ata facin keke ce, a bakin hanyar Malumfashi zuwa Funtua, kuma da yake ni kaɗai ke da famfo a garin, kullum da la'asar sai an kawo mini ƙwallon na ba ta iska. Iyakar muƙamina ke nan. 'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai, lokacin da auduga ke da daraja, mu kuma muna da ƙarfin yin musu tun daga azahar har rana ta yi ja.

Ƙungiyar ba ta da suna, amma tana da iyayen gida har uku. Na farko akawun fuloti, inda ake awon auduga. Shi ya zo da ƙwallon daga Funtua, ta fata ce mai igiya a baki, da roba a ciki wadda na yi wa faci har na manta asalin launinta. Na biyu telan bakin kasuwa. Shi ya ɗinka riguna goma sha ɗaya da akoko ya kai marina, ranar da aka fara sa su kuwa gumi ya sauko, 'yan wasanmu suka fito fili shuɗi har wuya. Na uku malamin firamare, mutumin wajen Zariya, mai usur a rataye. Shi ya san dokoki, shi ke zaɓen wanda zai buga, shi ke sa samari gudu a banza yana cewa horo ne. Kowanensu in ya buɗe baki sai ka ji "ƙungiyata".

Mu 'yan gindin ɗorawa mu muka ɗauki abin da zafi fiye da su. Ba ma barci da tunanin abu uku. In aka rufe fuloti akawu ya koma gida, da ƙwallon zai tafi ko zai bar mana? In tela ya yi fushi don ba a sa ƙanensa ba, kamar yadda ya saba, ya kulle rigunan a akwati, tsirara za a buga? Malam kuwa, duk ƙarshen zangon karatu sai an ce takardar canjinsa ta iso, mu yi ta jimami, hutu ya ƙare mu gan shi ya dawo da usur ɗinsa. Sai muka rabu gida uku. Ni ɗan ɓangaren Malam ne, kuma ban iya goyon baya a hankali ba. Na taɓa ƙin yi wa wani faci ranar kasuwa, ya tura kekensa har gida, don ya ce tela ya fi cancanta. Har yau in na tuna ina jin nauyin mutumin.

Duk wannan ta da jijiyar wuya da muke yi, ba wanda ya taɓa duban ƙasar da yake tsaye a kai.

Filin saura ce, gonar da aka bari ta huta. Mai ita wani tsoho ne Bamaguje, gidansa na bayan ɗorawar kaɗan, manomi na gaske wanda rumbunansa sun fi ɗakunan gidansa yawa. Mai unguwarmu ne ya roƙe shi aron wurin shekara uku da suka wuce, ya ce a bar samari su yi guje-guje. Mai unguwar ya rasu da kaka. Muka yi masa sadakar uku da ta bakwai, ba wanda ya tuna cewa aron filinmu a hannunsa yake. Ɗan tsohon na biyu shi ne golanmu, dogo mai tafin hannu kamar faifai, wanda bai cika magana ba.

Wata la'asar da bazara, zafi ya kai maƙura, hadari ya fara leƙowa daga gabas, golan ya zo rumfata daidai lokacin da nake ba ƙwallo iska. Iyayen gidan nan uku suna zaune a kan bencina, ana musun wanda zai jagoranci tafiya wasa garin Ƙarfi. Ya gaishe su ya ce, "Baba ya ce mai ƙwallo shi je shi same shi kahin ruwa shi sauka."

Akawu ya ce, "Mi ya faru?"

"Bai faɗi ba."

"Kai kuma ba ka tambaya ba?"

Golan ya dube shi kamar an ce ya tambayi dutse. Ya ɗauki ƙwallon ya wuce fili.

Kafin gari ya waye labarin ya yi ƙafafu. Wani ya tuna cewa makon jiya ƙwallo ta faɗa gidan tsohon, an ji ƙarar fashewar wani abu. Da safe aka ce tulu ne. Da hantsi ya zama tulun giya. Kafin azahar ya zama tukunyar tsafin gidan, wadda aka gada tun kakanni, kuma duk wanda ya amsa sunan mai ƙwallo shi zai ɗauki abin da ya biyo baya. Mutanen da muke cin kasuwa ɗaya da su, muke gayya tare, muka zauna muka ƙera musu abin tsoro da bakinmu. Ni ma na sa nawa bakin, ba zan wanke kaina ba.

Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Na ce wa akawu, "Malam akawu, ai kai aka kira. Ƙwallo taka ce."

Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Fatar ce tawa. In an ce mai ƙwallo, shugaba ake nufi, shugaba kuwa ai mai usur ne."

Malam ya ce, "Ni baƙo ne a garin nan. Takardata na hanya, ƙila ma ta iso. Maganar ƙasa ta ɗan gari ce." Karon farko ke nan da na ji shi da kansa yana fatan canji.

Muka juya ga tela, wanda aka haifa a garin aka yanke cibiyarsa a garin. Ya ce, "Riga aka ce ko ƙwallo? In tsoho na son riga shi aiko a gwada shi."

Jiya muna da iyayen gida uku, yau mun wayi gari marayu. Aka kira taro gindin ɗorawa, aka watse ba a tsai da komai ba. Aka ce a naɗa kwamiti, kalmar da Malam ya koya mana, sai aka kwana biyu ana musun wanda zai shugabanci kwamitin. Wani ya kawo shawara a tafi gaba ɗaya, mu arba'in, kowa ya ce madalla, ranar tafiya mutum huɗu suka fito, suka ga juna suka koma. Kasuwa ta ci sau huɗu. Duk la'asar golan zai zo karɓar ƙwallo, ya tsaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma in sunkuyar da kai in yi ta buga famfo har ƙwallon ta yi tauri fiye da kima.

Sai ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda ke jiƙa ƙasa har ƙasan garma.

Washegari da sassafe ina buɗe rumfa, wani mai itace ya tsaya a ba kekensa iska, ya ce, "Na ga an sa shanu a filinku." Na aika aka kira mutanen nan uku. Suka zo kuwa, da sauri, suka zauna a benci. Akawu ya ce wannan cin fuska ne, lallai Malam ya je. Malam ya ce a rubuta takarda. Tela ya ce wa zai sa hannu. Akawu ya ce a sa hannu bisa tsarin shekaru. Aka shiga lissafin wanda ya girmi wani. Rana tana ta hawa, ni ina tsaye da sifana a hannu. Da tela ya ce a bari a yi sallar azahar tukuna hankali ya kwanta, sai na yi jifa da sifanar ta bugi kwanon ruwan faci. Na faɗa musu maganar da ba zan rubuta a nan ba, na hau keken wani da aka kawo gyara, ko birki babu.

Na iske bijimai biyu suna jan garma a gefen gabas. Gefen filin da ke gaban wurin zamanmu ya riga ya tafi, ƙasa ta tashi baƙa wuluk tana ƙamshi. Wanda ke riƙe da garmar golanmu ne. Yana huɗar filin da yake tsarewa, a hankali, yana tsayawa kowane taku goma wai gyaran igiya. Daga baya ya faɗa mini tun asuba yake wannan gyaran igiyar, har tsohon ya tambaye shi ko igiyar ce za a shuka.

Tsohon na zaune gindin ɗorawa a kan buzu. Na jingine keken da itacen, da yake ba wata hanyar tsai da shi, na durƙusa na ce, "Baba, ina kwana? Ina gajiya?"

Ya amsa a natse, ya tambayi iyalina, ya tambayi ruwan jiya. Sannan ya ce, "Kai ne mai ƙwallon?"

Na waiwaya. Ba kowa a bayana sai hanya. Na ce, "Ni ne, Baba." Na ƙara da cewa, "Maganar tukunyar da aka fasa, a yi mana aikin gafara."

"Wace tukunya?"

"Wadda ƙwallo ta faɗa wa."

Tsohon ya fashe da dariya har da tari. "Kaskon kaji? Fasasshe ne tun bara, ɗana. Ruwa suke sha a ciki."

Ya ɗaga hannu, golan ya tsai da shanu. Tsohon ya ce, "Wanda na ara wa wurin nan ya rasu. Ba ni barin gona a hannun wanda ba shi da rai, ba ni kuma ba taro, don taro ba ya amsa kira. Mutum guda nike so in sani, in na yi magana in san da wa na yi. Cewa zan yi ku ci gaba. Kun daɓe ƙasar kamar tsakar ɗaki, bana ba ni da buƙatarta. Na jira kasuwa huɗu ba wanda ya zo, na ce ashe abin ba mai shi."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi, don na iya rama zagi. Na ce, "Baba, to wannan da aka huɗe fa?"

"Shanu sun sha wahala a kanta. Auduga za ta zauna nan. Daga inda garma ta tsaya zuwa yamma, naka ne, in ka zo ka gaishe ni kowace shekara kahin ruwa."

Na tashi na bi gefen huɗar ina ƙirgawa. Kunya goma sha bakwai, dogaye, daga wannan gola zuwa waccan. Na lissafa a raina, wajen biyar na farko na tsoron kaskon kaji ne, sauran duk na zaman bencin safiyar nan ne.

Da na koma da labari, kafin in gama sauka daga keke ƙungiya ta sake samun iyayen gida uku. Akawu ya ce dama shi ya ce a je. Malam ya ce takardarsa ashe ba ta iso ba. Tela ya yi alkawarin sababbin riguna, waɗanda har ya bar duniya ba mu gani ba. Na bar su da "ƙungiyata", ban yi musu ba, don na gaji. Amma duk bazara ni ke ɗaukar goro in tafi gidan tsohon, in ya aiko kuwa rumfata ake zuwa kai tsaye. Matata ta riƙa kirana mai ƙwallo, tana kallon yatsan nan nawa.

Muka tuge sandunan gola muka matsar da su yamma. Fili ya tsuke, ya zama siriri kamar zirin saƙa. Masu buga gefe suka riƙa karo da na tsakiya, in ƙwallo ta faɗa auduga kuma sai a tsaya a shiga a hankali, ana ɗaga ƙafa. Mu 'yan kallo mu muka fi kowa biya. Ɗorawa ta koma hayin auduga, muka dawo tsaye a rana, muna kare fuska da hula, musun ma ya ragu don zafi ba ya barin mutum ya yi dogon bayani.

Ranar da 'yan Tsiga suka zo wasa, wani cikin magoya bayansu ya dubi filin sama da ƙasa ya ce mini, "Malam, mi ya cinye muku gefe guda?"

Na ce, "Kunya."

Ya dubi layukan audugar ya gyaɗa kai, ya gamsu. Waɗanda ke tsaye kusa da ni, 'yan garinmu, kowa ya sami abin kallo a wani wajen.

Tsohon bai taɓa fashin kallo ba daga shekarar nan. Yakan shimfiɗa buzunsa gindin ɗorawar, shi kaɗai a inuwar da ta ɗauki mutum arba'in, in ɗansa ya kama ƙwallo ya buga sandarsa a ƙasa. Wani lokaci yakan hango ni a rana ina zufa, ya ɗago hannu ya nuna mini gefen buzun. Nakan ɗaga nawa hannun in gode daga inda nake. Har ya rasu ban je na zauna ba, ko sau ɗaya. Kafin in kai inuwar nan sai na tsallake kunya goma sha bakwai, a gaban jama'a, kuma ƙafata ba ta taɓa yarda ba.