Sunan da Ke Jikin Tukunyar Gas

A Saint-Fons da ke gefen birnin Lyon na girma, inda hayaƙin masana'antu ke shiga har cikin tuwo. Babana lebura ne a can, kuma shi ne autan Kaka. Da ya ɗauko ta daga Damagaram, sanyi ya hana ta sakat, sai ta mallake gaban murhun gas ɗin falonmu. Bayan magariba nan muke zagaye ta. Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ban da guda ɗaya.

Wai a zamanin Turawa an yi wani kumandan, Darbel, da ya zo wani ƙauye neman hatsi da majiya ƙarfi. Mutane suka ɓuya a rumbuna, ya sa aka buɗe wuta. Wata yarinya mai goyo ta ruga daji, sai da ta kai bakin rijiya ta gane goyon ya yi sanyi. Tun daga ranar ake kiran irin bindigar 'yar Darbel.

"Kaka, yaya sunan jaririn?"

"Kai, rufa mini baki! Wa ke faɗin sunan ɗan fari?"

Da wannan amsar muka gane ko wace ce yarinyar. Kunyar ɗan fari ta hana ta ambatonsa yana raye, ta hana ta bayan ya mutu.

Shekarar da na iya karatu, na zama mai karanta duk abin da ido ya gani, har kwalin sukari. Wata rana na duƙa gaban murhun ina haɗa baƙaƙen jikin tukunyar gas: Darbel da 'Ya'yansa. Baba ya ce zuriyar kumandan nan ce, suna da manyan motoci da kantuna har Paris.

Kaka ta janye ƙafafunta. "Ashe wutarsa nake sha?"

Ta koma ɗaki ta ƙudundune cikin bargo, ta ce ko za ta daskare ba za ta ƙara matsowa ba. Amma sanyin Lyon bai san zuciya ba. Kafin mako ya ƙare ta dawo ta miƙa tafukanta ga wutar, ba ta kalli kowa ba. Ba ta sake yi mana tatsuniya ba.

Da ta rasu na tambayi Baba sunan wansa. Ya ce bai sani ba, shi Baba a wani gari daban aka haife shi, kuma duk wanda ya sani ya riga ta tafiya. Abin yana ci mini rai har yau. Motocin Darbel suna wucewa ta ƙofar gidana, 'ya'yana suna karanta sunan ba gargada. Shi kuwa, in zan yi masa addu'a, sai dai in ce ɗan Kaka.